Rumfar Shuka da Noman Furen Sayarwa: Gargaɗi ga Manoman Kaduna

Ya kai manomi, kadan ka bi titunan Unguwar Rimi da Malali za ka ga masu sayar da dashen furanni a bakin hanya. Ka kuma san yadda masu biki da manyan masaukan baƙi ke neman ɗanyen fure da aka yanko da karansa, domin a ƙawata tebur da zaure. Wannan sana'a ce mai riba, amma mai saurin cinye jarin wanda ya shige ta da ka. Ga abin da masu bincike suka jarraba suka tabbatar. Ka karanta, ka kuma karanta wa maƙwabcinka.

1. Amfanin rumfa

A Ingila da Holan ana gina wa shuka ɗakin gilashi domin a tsare ta daga sanyi. Mu a nan sanyi ba shi ne abokin gabanmu ba. Abubuwa uku ke ɓata fure a Kaduna, watau zafin bazara na watan Maris da Afrilu, da ruwa mai ƙarfi na Agusta da Satumba, da ƙwari. Wanda ya kwaikwayi ginin Turai ya rufe shukarsa ruf, tanderu ya gina mata, gama kafin azahar za ta yi yaushi.

Saboda haka rumfarka ta zama mai tsawo, kada gefenta ya kasa ƙafa 10. Ka rufe samanta da leda mai kauri wadda aka yi domin jure rana, ka kewaye gefe da raga mai ƙananan idanu, ka bar kafa a can ƙololuwa, ita ma da raga, domin iska mai zafi sama take tashi. Da bazara ka ƙara ragar inuwa wadda za ta rage kamar sulusin hasken rana ko rabinsa. Ka yi ƙofa biyu, ɗaya bayan ɗaya, kada a buɗe ta ciki sai an rufe ta waje.

2. Wurin kafawa

Ƙasar bakin Kogin Kaduna tana da daɗin lambu, amma ka tuna da ambaliyar 2003 da ta 2012. Ka kafa rumfa a kan tudu inda ruwa ba ya kwanciya, ka jawo ruwa zuwa gare ta. Tiyo ya fi rumfa arha. Kada ka yi ban ruwa da ruwan kwata.

3. Irin furen da za ka shuka

Furen wardi da ake kaiwa kasuwannin Turai, mai yawa daga cikinsa a Kenya ake nomansa, a gefen tafkin Naibasha, wurin da ya ɗara teku da ƙafa 6,000. Wardi yana son dare mai sanyi. Jos tana bisa kamar ƙafa 4,000, shi ya sa yakan yi kyau a can. Kaduna kuwa kamar ƙafa 2,000 ce, kuma da zafi wardi yakan ba da gajeren kara da ƙaramin kai, mai saye ya raina shi.

To, ka fara da masu jure zafi: ziniya, da marigol mai ruwan ɗorawa, da jan furen nan mai kama da zankon zakara. Galadiyolas, wanda ake shuka shi da kai kamar albasa, ka bari sai sanyin hunturu. Marigol yana da wani amfani kuma, gama saiwarsa tana rage tsutsar nan ta cikin ƙasa wadda ido ba ya gani, mai sa saiwar shuka ta yi ƙulli-ƙulli.

4. Gyaran ƙasa

Zafin bazara da muke kuka da shi yana da aikin da zai yi maka a kyauta. Ka kafce fangali, ka zuba takin gida wanda ya ruɓe sarai, ka jiƙa shi sosai, sa'an nan ka lulluɓe shi da farar leda wadda ake hango ƙasa ta cikinta, ka binne bakinta. Ka bar shi a rana mako 4 zuwa 6. Zafin da ya taru a ciki yakan kashe ƙwayoyin cuta da yawa, da tsutsar saiwa, da irin ciyawa. Baƙar leda ba ta kai fara ɗumama ƙasa ba.

5. Ban ruwa da tsaron ƙwari

Ka ba da ruwa a gindi, da safe. Ganyen da ya kwana a jiƙe shi ne ƙofar cuta. Tiyo mai ɗigo-ɗigo ya fi kyau, amma ka sa masa matata, gama ruwan kogi yana da laka mai toshe huda.

Ka rataye ƙananan alluna masu ruwan ɗorawa, masu danƙo, bisa kan shuka. Farin ƙuda da darɓa masu fiffike sukan manne a jiki, ka san sun shigo tun ba su yi yawa ba. Kowane mako ka birkita ganye ka dubi bayansa. Ka tuna da 2016, shekarar da tsutsar tumatir ta cinye gonaki har Gwamnatin Jihar Kaduna ta sa dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Ƙwaron da ya yi wannan ɓarna ɗan ƙanƙane ne, raga mai huda ɗaya ta ishe shi shiga. Rigakafi ya fi magani: ka ɗinke kowace ɓaraka ran da ka gan ta.

6. Yanka da ajiya

A nan yawancin masu farawa ke hasara. Furen da aka yanke yana da rai, yana kuma jin ƙishirwa. Ka yanka da sassafe kafin rana ta yi zafi, da wuƙa mai kaifi mai tsabta. Ka tafi da bokitin ruwa cikin rumfa, ka tsoma kara nan take. Ka zage ganyen ƙasa, kada ko ɗaya ya taɓa ruwa, domin ruɓaɓɓen ganye yana haifar da ƙwayoyin da ke toshe hanyar ruwa a cikin kara. Bokitin da ba za ka yarda ka sha ruwa a ciki ba, bai dace da fure ba. Ka wanke shi kullum da ruwan bilic.

Ka ajiye a inuwa mai sanyi, nesa da ayaba da mangwaro da nunannen tumatir, nesa da hayaƙin mota da na janareta. Waɗannan suna fitar da wata iska wadda ke sa fure ya tsufa da wuri ya zube.

7. Kasuwa tukuna

Masara kadan ba ta sami mai saye ba sai a mai da ta rumbu. Fure ba shi da rumbu. Kafin ka kafa dirka ɗaya, ka je wurin masu ƙawata wurin biki ka tambaye su launin da suke so, da yawansa, da watan da suke bukatarsa. Ka fara da ƙaramar rumfa, ka riƙa shuka kaɗan-kaɗan kowane mako biyu domin kada duka su nuna rana ɗaya. Ka rubuta kowane abin da ka kashe da abin da ka samu. Kada ka sayar da shanun huɗarka ko gonar hatsinka saboda wannan.

8. Ga dagatai da masu unguwa

Ku ne jama'a ke tuntuɓa kafin su ɗauki sabon abu. Kadan samari sun zo muku da wannan niyya, ku shawarce su su haɗa kai su gina rumfa ɗaya ta gwaji, su yi damina da rani a kanta kafin kowa ya gina tasa. Ku haɗa su da malamin gona. Gidan binciken aikin gona na Samaru, Zariya, wanda aka kafa tun 1922 ya kuma shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, yana kusa da ku, ana iya neman shawara a can kan ƙasa da taki da ƙwari.

Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya sa albarka a cikin aikinku, amin.