Gyaɗa: Ribarta Da Hasararta

Ya ku manoma da dagatai, ga darasi daga tarihin gyaɗa a ƙasar Kano, domin kowa ya san inda riba ta ke fitowa, da inda ta ke zurarewa.

A 1911 hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano. Turawa kuwa auduga su ke so a noma, domin masaƙun Ingila. Amma a 1912 da 'yan kasuwa suka sa wa gyaɗa kuɗi mai kyau, sai manoma suka auna, suka ga ta fi. Gyaɗa tana son jigawa, ba ta gajiyar da ƙasa, in kasuwa ta faɗi a ci ta, harawarta kuma abincin dabbobi ce. Noma ya yi ta ƙaruwa, har aka tara buhuna kamar duwatsu, wato dalar gyaɗa.

To, me ya rushe wannan arziki? Abu uku ne. Na farko, daga 1949 hukumar ciniki ita ke yanka farashi, sau da yawa ƙasa da abin da a ke samu a kasuwar waje, sai zuciyar manomi ta yi sanyi. Na biyu, farin 1972 zuwa 1974. Na uku, kuturtar gyaɗa ta 1975, wadda ƙananan ƙwari masu tsotson ganye ke yaɗawa. Dala ta ɓace, a 1986 kuma aka rushe hukumar.

Saboda haka ku kiyaye waɗannan:

1. Ku shuka da wuri, da zarar damina ta kankama, ku kuma matsa shuka. Gona mai sarari ita ƙwarin nan suka fi sauka a kai.

2. Ku nemi irin da ma'aikatan Samaru ta Zariya suka fitar, mai jure wa kuturta.

3. Ku riƙa juya gona: bana gyaɗa, baɗi dawa ko gero.

4. Ku shanya ta ta bushe sarai. Gyaɗa mai hunhuna guba ce, mai saye kuma ya kan ƙi ta.

5. Ku lissafta kuɗin iri da taki da ƙodago kafin ku ce kun ci riba. Tsadar buhu ba ita ce riba ba.

Dagatai, ku gargaɗi talakawanku kada kowa ya ba gyaɗa gonarsa duka. Wanda ya sayar da gyaɗa da kaka, ya sayi hatsi da bazara da tsada, ribarsa ta koma hannun wani. A fara cika rumbu tukuna.