Zuwa ga 'yata mai ciwon suga, wadda ke neman haihuwa

 

'Yata, mahaifiyarki ta zo mini da maganar da ta hana ni barci. Ta ce kin rage allurar dare, wani lokacin ma kina tsallake ta, kuma littafin da kike rubuta sakamakon gwajin suga tun kina 'yar firamare yanzu yana ƙasan akwati. Ta ce ta ga wata jarka a ɗakinki, haɗin zuma da dabino da saiwoyi, wai maganin haihuwa da kika saya ta waya. Na zaɓi in rubuta miki a fili, ba tare da na kama sunanki ba, domin irinki suna da yawa a gidajen aure, kowace tana ɓoye allurarta kamar abin kunya.

Na san abin da ke cin ranki. Shekara biyu da aure, duk sunan da kika je sai wata ta kalli cikinki ta ce har yanzu shiru? Na kuma ji cewa a dangin mijinki akwai mai yaɗa cewa allurar nan da kike yi kullum ita ta hana ki ɗaukar ciki. Wannan jahilci ne, Allah ya yafe mata. Insulin ba allurar tazarar haihuwa ba ce. Abu ne da jikin kowane ɗan Adam yake yi da kansa, naki ne ya daina, shi ya sa ake ba ki daga waje. Sugan da ya hau ya zauna shi ne yake rikita al'ada, yake jawo ɓari. Kafin 1922, lokacin da aka fara yi wa wani yaro ɗan shekara 14 allurar insulin a birnin Toronto na Kanada, yarinyar da ta kamu da irin ciwonki, nau'i na ɗaya, da wuya ta kai shekarun aure, balle a yi zancen goyo. Allurar da ake aibatawa ita ce sanadin da Allah ya yi kika kawo yau.

Yanzu ki buɗe kunne. Zuciyar jariri da ƙwaƙwalwarsa da lakarsa ana ƙera su ne a makonni takwas na farko. Hanyar laka tana rufewa wajen kwana 28 da shigar ciki, lokacin da mace ba ta ma gama tabbatar da ɓatan wata ba. Idan jininki cike yake da suga a waɗannan kwanaki, haɗarin a haifi yaro da matsalar zuciya ko buɗaɗɗen baya yana ƙaruwa sosai, kuma gyaran da za ki yi a wata na huɗu ba zai koma ya ɗinke abin da ya riga ya wuce ba. Saboda haka ake gyara suga tun kafin ciki. Akwai gwajin da ake kira HbA1c, wanda ke nuna yadda suganki ya kasance a wata biyu zuwa uku da suka shige. Likitoci suna son ya sauko ƙasa da 6.5 cikin ɗari, muddin hakan ba zai riƙa kayar da ke ba. Idan ya haura 10, shawararsu ita ce a dakata tukuna. Ki kuma fara shan folik asid, babba mai miligiram 5, tun kafin ciki har zuwa mako na 12. Ƙaramin da ake ba sauran mata bai ishe ki ba.

Na san kalmar dakatawa za ta yi miki ɗaci. Amma 'yan watanni ne, da yardar mijinki da shawarar likita, kuma ba ƙin kyautar Allah ba ne. Tawakkali bai hana a ɗaure raƙumi ba.

Akwai wata yarinya da ba ta fita raina. Ina aikin dare a ɗakin haihuwa, lokacin hunturu, aka shigo da ita a kan tabarma, maza huɗu suna riƙe da ita. Ba ta kai shekarunki ba. Cikin wata biyar gare ta, na fari. Numfashi take ja mai zurfi kamar wadda ta yi gudu, leɓɓanta sun bushe, bakinta yana wani irin wari kamar na 'ya'yan itacen da suka nuna suka wuce. Tun kafin a ɗebi jini na san me ke nan. Amai ne ya kama ta, ba ta iya riƙe ko kunu, sai ta yi lissafin da kowa zai iya yi: tunda ban ci ba, me zan yi da allura? Ta ajiye ta. Da ta fara sambatu, mutanen gida suka ce iska ce, aka kwana biyu ana hayaƙi. Ba mugunta suka yi ba, son ta suke, uwar mijinta ma ita ta fi kowa kuka a bakin ƙofa. Muka kwana a kanta da ƙarin ruwa da insulin, Allah ya tashi kafaɗunta, amma abin cikin ya riga ya tafi. Namiji ne. Da ta farfaɗo aka gaya mata, ba ta yi ihu ba, ta dai tambaye ni ko laifinta ne. Har yau ina jin nauyin tambayar nan. Magana ɗaya ce ya kamata wani ya faɗa mata tun ranar da aka fara ba ta kwalbar insulin: mai irin wannan ciwo ba ya barin insulin ko da bai ci komai ba, domin idan babu shi jiki yana ƙona kitse, guba mai suna kiton ta taru a jini, kuma a jikin mai ciki hakan yana faruwa da sauri, ko sugan bai yi hawan da zai tsorata mutum ba. Shekaru tana karɓar magani, babu wanda ya zaunar da ita minti biyar. Daga baya ta dawo mana da wani cikin, da littafin makaranta cike da lambobi, muka karɓi 'ya mace lafiyayya. Amma duk sanda muka haɗu sai ta ambaci na farin.

Ita ba ta sani ba. Ke fa? Kin yi karatu, kin fi ni iya karanta takardar likita, kuma a gabana aka koya miki riƙe sirinji. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ki bar duk wannan ki bi wata mai talla a TikTok, wadda ba ta taɓa ganin jininki ba, ba ta san nau'i na ɗaya da na biyu ba, ta ɗura miki zuma a jarka ta karɓi kuɗin da ya isa sayen takardun gwaji na wata guda. Haba 'yata! Zuma abu ne mai albarka, ba na musu, amma a jikinki suga ce, sai an lissafa ta. A da, da ba mu da firji ba mu da waya, mahaifiyarki a cikin randa take ajiye miki kwalba, ta naɗe ta da leda don kada ruwa ya taɓa, ta tashi tsakar dare ta shafa goshinki ta ji ko kina gumin faɗuwar suga. Ba ta taɓa gajiya ba. Yanzu da komai ya sauƙaƙa ne za ki saki?

Haka zancen azumi. Na ji bara kin yi shi duka a ɓoye don kada a ce amarya tana ci da rana. Ubangijin da ya wajabta shi ne ya yi wa marar lafiya rangwame, kuma likitoci Musulmi da suka zauna a kan wannan batu sun sa mai ciki mai irin ciwonki a sahun waɗanda bai kamata su yi ba. Ki tambayi malamin da kika yarda da shi yadda za ki yi da ramuwa ko ciyarwa.

Sauran abubuwan likita zai yi miki dalla-dalla. A duba idonki da ƙodarki kafin ciki, domin ciki yana iya tsananta lalurarsu. Idan kina shan maganin hawan jini irin su lisinopril, a canza miki tun yanzu. A watannin farko suga yana yawan faɗuwa, don haka kada jakarki ta rabu da alewa ko sukari, kuma ki koya wa mijinki alamomin: rawar jiki, gumi, magana ba kan gado. Daga tsakiyar ciki buƙatar insulin za ta yi ta hawa, wata har ta ninka, sannan ta faɗo da zarar mabiyiya ta fita. Haihuwa a asibiti za ki yi, babu ja, domin jaririn yana iya yin girma fiye da kima, kuma nasa sugan yana iya faɗuwa bayan ya fito. Tsoron gado kuma ki rage shi: yawancin 'ya'yan mata masu wannan ciwo ba sa kamuwa da shi.

Ki zubar da jarkar nan yau, ki koma kan allurarki yadda aka tsara miki, ki fito da littafinki. Cikin makon nan ki kama hannun mijinki ku je asibitin koyarwa, ɓangaren masu ciwon suga, ki gaya wa likita da bakinki cewa haihuwa kike so, a yi miki gwajin HbA1c. Idan kina jin nauyin uwar mijinki, ki bar ni da ita, ni zan je in same ta da kaina. Allah ya ba ki zuriya ɗayyiba, ya sauke ki lafiya.

Wassalam,
Goggonki.