Yadda Ake Tara Takubban Yaƙin Basasar Amurka

Da yaƙin basasa ya ɓarke a Amurka a 1861, maƙeran ƙasar sun kasa wadata sojoji da takubba, sai ɓangarorin biyu, Arewa da Kudu, suka koma sayowa daga Turai. Arewa ta fi dogara da garin Solingen na Jamus, garin da matafiyi Barth ya tarar ana sayar da ƙirarsa a kasuwar Kano a 1851. Kudu kuwa, da aka toshe mata tashoshin ruwa, ta riƙa shigo da na Ingila a ɓoye, irin ƙirar Robert Mole na Birmingham. Waɗannan baƙin takubba su ake farauta yau.

Da farko ka tsai da iri ɗaya. Na mahaya dawaki sun fi samuwa: samfurin 1840 mai nauyi, wanda sojoji suka yi kuka da shi saboda yana gajiyar da wuyan hannu, da na 1860 da ya fi shi sauƙi.

In takobi ya zo hannunka, zare shi a hankali ka duba gindin ruwansa, dab da mariƙi. Nan maƙeri ke buga tambarinsa. Jarumi a tsaye cikin sulke na gidan Clauberg ne, kan sarki na Weyersberg, S&K kuma Schnitzler da Kirschbaum. Sau da yawa za ka ga sunan ɗan kasuwar da ya shigo da shi a ɗaya gefen, kamar Horstmann na Philadelphia ko Tiffany na New York. In kuwa ka ga an buga sunan ƙasar Jamus da Turanci, kada ka saya. Dokar Amurka da ta wajabta rubuta ƙasar da aka yi kaya ta fara aiki ne a 1891, yaƙi kuwa ya ƙare tun 1865.

Sai mariƙi. Itace ne aka rufe da fata, aka naɗe da wayar tagulla. Duba ƙusar da ke can ƙarshensa. In sabon dukan guduma ne, an taɓa kwance takobin. Takobin kuma ya shiga kube daidai, ba ya kwal-kwal.

Ka yi hattara da haruffan CSA, wato alamar Kudu. Kayan Kudu sun fi tsada nesa ba kusa ba, shi ya sa 'yan damfara ke buga su a kan takobin Arewa. Nemi takardar da ke nuna hannuwan da ya bi kafin ka biya.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne mai goge takobi har ya yi ƙyalli. Duhun nan da shekaru suka bar masa shi ne shaidarsa. Ka share ƙura da ƙyalle, ka shafa ɗan mai ko kakin zuma a ƙarfen kaɗai, ka ajiye inda babu danshi. Don Allah kada ka kai shi wurin mai wasa wuƙa.