Darasin Lafiya: Yadda Ake Maido Hankali Idan Damuwa Ta Yi Nauyi



Mun san wasunku sau biyu suka bar gida: a rikicin Damazin da Rusairis na watan Yulin 2022, sannan a yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, ya ci Wad Madani a Disamba, ya kai Sinja a Yunin 2024. Yau jiki yana sansani, amma hankali yana can gonar Jazira ko bakin kogi a Mai Wurno. Uwa na tuƙa asida, tunani ya ɗauke ta har tukunya ta kama.

Mene ne ciwon damuwa?

Baƙin ciki bayan rashi abu ne na kowa. Amma idan ya kai mako 2 yana danne mutum kusan kullum, barci ya ƙi, abinci ya fita ransa, ba ya son hira, to ana zaton ciwon damuwa ne. Ciwo ne kamar zazzaɓi, yana kama malami da almajiri, kuma ba raunin imani ke kawo shi ba. Abin da ke ƙara masa ƙarfi shi ne tunani ɗaya da ke ta juyawa: da mun fita da wuri, da ban bar wane ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta gwada darussan nutsuwa irin waɗannan da mata 694 'yan gudun hijirar Sudan ta Kudu a Yuganda. Sakamakon da aka buga a 2020 ya nuna ƙuncinsu ya ragu. Ga guda 3 da za ku fara yau.

1. Numfashi

A zauna a tabarma ko angareb, a taka ƙasa sosai. A fitar da iska a hankali har ta ƙare, sannan a bari ta shigo da kanta. A maimaita sau 10. Fitar da iska sannu a hankali yana rage bugun zuciya.

2. Duba inda kake

A ambaci abu 5 da ido ke gani, 3 da kunne ke ji, da 1 da hannu ke taɓawa: jarkar ruwa, kukan jaki, zafin kofin shayi. Wannan yana tuna wa jiki cewa abin da ya faru a hanya ba yanzu yake faruwa ba.

3. Aiki ɗaya da dukkan hankali

Wajen alwala, a ji sanyin ruwa a kowace gaɓa. Wajen tasbihi bayan salla, a ji kowane ƙwayar carbi a yatsa. Tunani zai gudu, ba laifi. A ce a zuci, “ga tunanin gida ya zo,” sai a dawo kan carbin. Dawowar ita ce darasin, ko sau 20 aka yi ta.

Minti 5 bayan Asuba da minti 5 kafin barci sun isa. A yi tare da yara da maƙwabta. Wanda rufe ido ke dawo masa da ƙarar bindiga ya bar idonsa buɗe, ya kalli abu ɗaya a gabansa. In abin ya ƙaru, ya dakata.

Yaushe za a zo asibiti?

Waɗannan darussa sauƙi suke kawowa, ba sa maye gurbin magani. Ku zo asibitin sansani idan mutum ya daina cin abinci, ko mai jego ta kasa kula da jaririnta. Wanda ya ce mutuwa ta fi masa, kada a bar shi shi kaɗai, kada a yi masa faɗa. A kawo shi ranar nan. Abin da kuka faɗa mana sirri ne.

Allah Ya ba mu lafiya, Ya maido da zaman lafiya Sudan.