Fitilun Dandali da Idon Ɗan Adam: Zaɓen Manhajar Sarrafa Haske ga Mai Kiɗan DJ

Gabatarwa

A zamanin nan da wuya a halarci liyafar biki a Kano ko Kaduna ko Zariya ba a tarar da mai kiɗan DJ ba, wato wanda ke yawo da kayansa daga wannan zaure zuwa wancan. Ban da lasifikoki, yakan zo da fitilu masu juyi da sauya launi, waɗanda kwamfuta ke bai wa umarni. Manhajojin da ke wannan aiki suna da yawa, kuma galibi farashi da ƙyale-ƙyale ake dubawa wajen zaɓe. Manufar wannan darasi ita ce a nuna cewa kamata ya yi zaɓen ya faro daga idon da hasken zai sauka a kansa, domin abin da ya ƙayatar da jama'a yana iya kayar da mutum guda a cikinsu.

Yadda ido ke karɓar haske

A can bayan ƙwayar ido akwai wani tantani mai ɗauke da ƙwayoyin halitta iri biyu. Masu siffar sanda, waɗanda yawansu ya kai kimanin miliyan 120, su ne ke gani a duhu-duhu. Masu siffar mazurari kuwa, kimanin miliyan 6, su ne ke rarrabe launi, kuma sun kasu uku: wasu sun fi amsa ja, wasu kore, wasu shuɗi. A kan wannan ne masu ƙera fitilun LED suka dogara, inda suke haɗa launukan nan uku a cikin fitila ɗaya. Idan aka kunna ja da kore tare, ƙwaƙwalwa sai ta ga rawaya.

Duk walƙiyar da ta shiga ido tana aika saƙon lantarki zuwa sashen gani da ke ƙeyar ƙwaƙwalwa. Idan walƙiyar ta riƙa maimaituwa da sauri, ƙwayoyin jijiya masu ɗimbin yawa kan harba saƙo a lokaci guda. Ga mafi yawan mutane wannan ba ya wuce gajiyar ido. Amma kimanin uku daga cikin kowane ɗari na masu farfaɗiya, haske ne ke tayar musu da ciwon, musamman yara da matasa, kuma wasunsu ba su san suna da shi ba sai ranar da suka faɗi. Walƙiya 3 zuwa 30 a daƙiƙa ita ce ta fi haɗari, jan launi mai kauri kuma yana ƙara tsananta lamarin. Ranar 16 ga Disamba, 1997, an kai mutane 685 asibiti a Japan, akasarinsu yara, bayan wani shirin Pokémon na talabijin ya nuna ja da shuɗi suna musanya kimanin sau 12 a daƙiƙa.

Yadda kwamfuta ke umartar fitila

Kusan dukkan fitilun dandali suna jin harshe ɗaya ne, wato DMX512, wanda ƙungiyar USITT ta Amurka ta tsara a 1986. Waya ɗaya tana ɗaukar tashoshi 512, kowace tasha kuma tana karɓar lamba daga 0 zuwa 255. Wata tashar ta ƙarfin haske ce, wata ta launi, wata ta juyi, wata kuma ta saurin walƙiya. Saboda haka fitila mai cin tashoshi 16, guda 32 ne za su cika layi ɗaya. Tsakanin kwamfuta da fitilun akwai ɗan akwatin da ake jonawa ta USB ko ta wayar sadarwa. Aikin manhaja shi ne tsara waɗannan lambobi da sauya su a kan lokaci.

Ma'aunan zaɓe

Na farko, iko a kan walƙiya. Ƙa'idar da hukumar Ofcom ta gindaya wa gidajen talabijin na Birtaniya ita ce kada walƙiya ta wuce uku a daƙiƙa, kuma ma'auni ne da ya dace mai kiɗa ya ara. Ga ɗan lissafi: waƙa mai bugu 120 a minti tana bugu biyu ke nan a daƙiƙa. Idan fitila ta bi kowane bugu, ba a ƙetare iyaka ba. Amma idan manhaja ta raba bugun gida huɗu, an koma walƙiya takwas, an shiga yankin haɗari. Don haka a nemi manhajar da za ta bari a ƙayyade tashar walƙiya ko a rufe ta ɗungurum, mai kuma maɓalli guda na tsayar da komai nan take.

Na biyu, wane ne ke tuƙi? Mai kiɗan da ke aiki shi kaɗai hannuwansa na kan kiɗa. Manhaja irin SoundSwitch, wadda ake biyan kuɗi, takan nazarci waƙa ta tsara mata haske da kanta, kuma tana tafiya da Serato da Virtual DJ. Wannan sauƙi ne, sai dai wajibi ne a duba abin da ta tsara kafin ranar biki. QLC+ kuwa kyauta ce, tana aiki a Windows da macOS da Linux, amma mutum ne zai zauna ya gina kowane tsari da hannunsa. Lightkey a kwamfutar Apple kaɗai take aiki.

Na uku, dacewa da kaya. Kowace manhaja tana da kundin bayanan fitilu. Fitilun araha da ke kasuwa sau da yawa babu sunansu a ciki, saboda haka a tabbatar ana iya shigar da bayanin sabuwar fitila da hannu. Haka nan wasu manhajojin ba sa aiki sai da akwatin kamfaninsu; a haɗa kuɗinsa a lissafi.

Na huɗu, juriya. Inda wutar lantarki ke ɗaukewa ana komawa janareto, manhajar da ba ta buƙatar intanet a lokacin aiki ta fi dacewa. Wasu fitilun kuma idan umarni ya yanke sukan koma wasansu na kansu, wanda kan haɗa da walƙiya. A gwada wannan a gida ta hanyar zare waya.

Kammalawa

Farfaɗiya ciwo ne na ƙwaƙwalwa, ba a ɗaukarsa ta yawu ko taɓawa. Wanda walƙiya ke damu ya rufe ido ɗaya da tafin hannu ya juya baya, domin runtse idanu kaɗai ba ya tare ta. Idan wani ya faɗi, a tsayar da walƙiyar, a kawar da abin da zai ji masa rauni, kada a sa masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe idan jijjigar ta lafa. In ta wuce minti biyar, a garzaya asibiti. Mai kiɗan da ya san wannan, ya kuma zaɓi manhajar da linzaminta ke hannunsa, shi ne wanda za a tashi daga bikinsa lafiya.