Amsoshin Tambayoyinku: Keken Ƙarfe ko na Alminiyam?

Tambayarmu daga wani manomi ne mai sauraronmu a Dawakin Tofa. Ya ce zai sayi keken nan mai kaurin taya da ake kira keken hawan duwatsu, don zuwa gona da kai hatsi kasuwar Dawanau. Wace gangar jiki zai zaɓa, ta ƙarfe ko ta alminiyam?

To Malam, mun gode. Gangar jikin keke ita ce ƙashin bayansa.

Alminiyam ba shi da nauyi, kuma ba ya yin tsatsa irin ta ƙarfe. Sai dai yawan jijjiga a burtali da ɗaukar buhu kan sa ya tsage, kuma waldarsa sai da inji na musamman.

Ƙarfe kuwa ya fi nauyi, amma yana jure kaya. Yakan lanƙwashe kafin ya karye, kuma in ya tsage, mai walda na bakin titi zai gyara maka. Abokin gabar ƙarfe shi ne tsatsa, don haka da damina a riƙa goge shi, a ajiye shi inda ruwa ba ya dukansa.

Akwai kuma keke na kabon, na masu tsere. Yana da tsada, kuma ba a yi masa walda.

Shawararmu, Malam, ka ɗauki na ƙarfe. In na hannu ne, ka duba kowace mahaɗa da kyau, musamman wuyan keken, kada a sami tsaga. Allah ya sa albarka.