Kamshaf Ya Fi Ƙarfin Mota: Shin Tafet Mai Zubar da Mai Zai Yi Magani?

Tambayar wannan mako ta fito daga wani makanike mai gareji a unguwar Titirou, cikin Parakou. Wani matashi ne ya ɗauko tsohuwar Chevrolet a-kori-kura daga Kwatano, mai silinda takwas, lita 5.7, ya yi odar kamshaf irin na tsere ta intanet aka ɗaura masa. Tun daga ranar motar ba ta zama a silo sai karkarwa, birki ya yi tauri, salansa na warin ɗanyen fetur, in za ta tashi daga tsaye kuwa sai da lallashi. Yanzu matashin ya ji labarin wani tafet na mai da ke rage wa kamshaf zafi a ƙaramin gudu, ya matsa a sayo. Makaniken yana tambaya: a saya ko a bari?

To Malam, tafet ɗin ba tatsuniya ba ne. Akwai shi, yana kuma aiki. Sai dai aikinsa ɗan kaɗan ne, ga shi rayuwarsa duka ta rataya a kan baƙin mai, kuma ka fi ni sanin irin baƙin man da ake zuba wa motoci a garuruwanmu.

Mu fara da ciwon. Kamshaf ne ke yanke lokacin da bawul zai buɗe da lokacin da zai rufe. Ana auna tsawon buɗewar da digiri na juyin kiranshaf, daga inda tafet, ƙarfen da kamshaf ke turawa don buɗe bawul, ya ɗaga da inci 0.050, wato milimita 1.27. Kamshaf da kamfani ya ɗaura wa irin wannan injin bai wuce digiri 200 da 'yan kai ba. Na tsere yakan kai 230, 240, har sama. Da buɗewa ta yi tsawo haka, sai a samu wani ɗan lokaci mai faɗi da bawul na shiga da na fita suke buɗe tare. In injin na juyi 5,000 a minti wannan alheri ne, domin hayaƙin da ke fita a guje yana jawo sabuwar iska a bayansa. In yana juyi 700 kuwa, hayaƙin ba shi da gudun da zai ja komai, sai ya komo ya gauraye da fetur. Ga bawul na shiga ya makara wajen rufewa, fistin ya riga ya fara hawa, yana mayar da wani ɓangare na abin da ya zuƙa. Matsi ya ragu, ƙuna ta lalace, motar ta kama wannan gurnani da samari ke so. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Birkin ma daga nan ciwonsa ya taso. Tulun da ke bayan fedar birki da zuƙar injin yake aiki. Lafiyayyen inji na kamfani yana ba da inci 17 zuwa 21 a ma'aunin zuƙa in yana silo, ƙaton kamshaf kuwa yakan sauke shi zuwa 8 ko 10. Parakou tana sama da mita 300 daga doron teku, wannan kaɗai yana cin kusan inci 1 daga abin da za ka auna a Kwatano. Mota mai nauyin a-kori-kura da taurin birki, a cunkoson kasuwar Arzeke inda 'yan zem, wato 'yan acaɓa, ke ɓullowa ta kowace kusurwa, ba abin wasa ba ce. Wannan ne ya sa na ɗauki tambayarka gaba da sauran.

Shi tafet na mai, wanda takardun Faransanci ke rubutawa poussoir hydraulique, tsohon abu ne, tun shekarun 1930 motocin Amurka irin su Cadillac da Pierce-Arrow suka fara amfani da dabarar. A cikinsa akwai ɗan fistin, da sifirin, da ɗan ƙwallon ƙarfe da ke barin mai ya shiga ya hana shi komawa. Man da aka kulle a ciki shi ke cike giɓi, shi ya sa ba a yi wa irin wannan injin saitin tafet kowane lokaci kamar yadda ake yi wa Fijo 504. Abin da kamfanin Rhoads na Amurka ya yi suna da shi shi ne ya buɗe wa man nan 'yar hanyar tsira da gangan. Ɗauki sirinji cike da mai, bakinsa a tsuke: in ka danna a hankali zai yi ta nutsewa, in ka kai masa duka da sauri zai tsaya ƙyam. A silo man yana da lokacin sulalewa, ɗan fistin ya nutse, bawul bai buɗe sosai ba kuma ya rufe da wuri. Da juyi ya hau, lokaci ya ƙure masa, tafet ya cika, kamshaf ya dawo da girmansa duka. Kamfanin yana cewa ana rage digiri 10 zuwa 15 na buɗewa, da inci 0.010 zuwa 0.020 na ɗagawa, zuƙa ta ƙaru da inci 2 zuwa 3, komai kuma ya koma daidai wajen juyi 3,500.

Yanzu yi lissafi da kanka. In ma'auninka ya nuna 12, tafet ɗin zai iya kai ka 14 ko 15, birki ya yi sauƙi, silo ya lafa. In 8 ya nuna, za ka tsaya a 10 ko 11, ka kashe kuɗi kana nan inda kake. Tafet ɗin na kamshaf ne da ya ɗan wuce kima, ba na wanda tun farko ba na motar ba ne.

Sannan ga maganar da masu tallarsa ba su cika yi ba, domin ba don ƙasarmu suka rubuta tallar ba. Yawan man da ke sulalewa ya dogara da kaurinsa, kaurinsa kuma ya dogara da zafi. Da sanyin safiyar hunturu mai yana da kauri, tafet ba ya zubar da abin kirki, motar tana nan da karkarwarta. A Maris da Afrilu, lokacin da zafin Parakou da Djougou ke doshin digiri 40, in motar ta daɗe a cunkoso man ya tsinke, tafet ya zubar fiye da yadda aka tsara, ƙara ta yi yawa, bawul yana faɗawa mazauninsa da ƙarfi. In man na jabu ne, wanda aka tace tsoho aka sake ɗurawa a sabon galan, to ba ka ma san da wane kauri kake aiki ba. Ƙurar hunturu da ta ratsa yagaggiyar matatar iska kuwa, ita da dattin mai, sun isa su toshe wannan 'yar hanya ko su hana ƙwallon zama. Duk wanda ba zai iya yin juye a kan lokaci da mai na gaskiya da sabuwar filta ba, kada ya kusanci wannan tafet.

Fetur ma yana da nasa. Da bawul na shiga ya fara rufewa da wuri, matsi a cikin silinda ya ƙaru a ƙaramin gudu. Abin da ake nema ke nan, amma matsi mai yawa yana son fetur mai kyau. Man kwalba na bakin titi, kpayo, ba wanda zai rantse maka da ingancinsa. In ka ji injin na ƙyal-ƙyal wajen hawa tudu da kaya, ka rage tayimin nan take ka koma gidan mai, in ba haka ba fistin ne zai biya. In kuma injin na zamani ne mai na'urar da ke sauraron wannan ƙarar, tana iya ɗaukar ƙas-ƙas ɗin tafet a matsayin ciwo, kwamfuta ta ja tayimin baya, ka rasa ƙarfin da ka saya.

Ga abin da zan yi da motar tana gabana. Kafin a sayi komai, a ɗaura ma'aunin zuƙa, injin da ɗumi, a rubuta lambar. A bi duk robobin iska da gasket na manifol, domin sau da yawa rabin matsalar ɓula ce. A ƙara tayimin na silo, ƙaton kamshaf yana son wuta da wuri fiye da na kamfani, a kuma ɗaga silo zuwa juyi 850 ko 900. A duba ƙarfin famfon mai: tsohuwar ƙa'ida ita ce kusan bar 0.7 ga kowane juyi 1,000. A nemi takardar kamshaf ɗin a karanta. In ta wuce digiri 230 alhali injin irin na ƙarshen shekarun 1970 zuwa na 1980 ne, masu matsi wajen 8.5, babu tafet ɗin da zai haɗa su aure. A cire shi a sa mai digiri 210 zuwa 215, wanda tazarar ƙusoshinsa, wato tuddan da ke tura tafet, ta kai digiri 112 ko 114. In birki ne kaɗai damuwa, ƙarin tulun ajiyar zuƙa ko ɗan famfo na lantarki ya fi sauƙi da arha.

Ka kuma tambayi mai motar inda yake zuwa da ita. Daga Parakou zuwa Djougou kimanin kilomita 135 ne. A giyar ƙarshe, a gudun kilomita 90, irin wannan injin bai cika wuce juyi 2,500 ba. Irin kamshaf ɗin da ya saya sai an haura 3,500 yake farkawa. Wato zai je ya dawo bai taɓa ɗanɗana abin da ya biya kuɗi dominsa ba, sai shan mai.

In duk da haka lambobin sun nuna tafet ɗin zai yi amfani, a kiyaye ɗaurawa. Duka goma sha shida ake sauyawa, a duba ƙusoshin kamshaf ko akwai wanda ya fara cinyewa. Tafet mai shafaffen gindi yana son mai mai sinadarin zinki da yawa, wanda man zamani mara kauri ya rage. Tashin farko a riƙe injin a juyi 2,000 zuwa 2,500 na minti 20 zuwa 30, kada a bar shi a silo, sannan a yi juye. Saitin kuma a bi takardar da ta zo a kwalin, domin ba duka iri ɗaya ake ɗaure su ba. A gaya wa mai motar tun wuri cewa zai riƙa jin ƙara, kada gobe ya dawo yana cewa an yi masa gyaran gangar Auzinawa. Ƙarar da aka tsara tana fitowa bai ɗaya daga ko'ina, tana ƙaruwa in mai ya yi zafi, tana ɓacewa in an taka totur. Ta ciwo daga wuri ɗaya take fitowa, kuma totur ba ya kashe ta.

Masu Golf, da Fijo 406, da Marsandi 190, da Opel, wannan tafet ba naku ba ne, an yi shi ne musamman don injinan Amurka masu sandunan tura bawul. In naku yana ƙas-ƙas, ba dabara ba ce, yawanci datti ne ko mai ya gaza. Wanda kuma ke son mota mai natsuwa a cikin gari da kuzari a kan hanya, kamfanoni sun riga sun warware masa: Honda ta fito da VTEC a 1989, Toyota ta biyo da VVT-i a tsakiyar shekarun 1990, ga su nan birjik a kasuwar motocin Kwatano.

A kan wannan a-kori-kura dai, Malam, auna zuƙa tukuna. In ba ta kai 11 ba bayan ka gyara tayimin da silo, kada ka bari yaron ya sayi tafet, ka sauya masa kamshaf, kuma kada motar ta bar garejinka da wannan birkin.